Jirgi ya iso Rigasa, kasuwa ba ta biyo shi ba: nazarin wata gona da ta koma fulotai

Idan jirgin ƙasan Abuja ya kusa isowa, bakin tashar Rigasa da ke Kaduna cika yake yi maƙil. Masu Keke Napep sun yi layi, 'yan tasi na ta kiran "Kawo! Barnawa! Cikin gari!", direbobin manya sun fake da motoci masu baƙin gilashi suna jiran iyayen gidansu. Mai shayi ya ƙara wuta, yara masu tallan ruwan leda da gyaɗa sun matso. Da jirgi ya tsaya sai mutane su ɓarko da jakunkuna. Ba su rabin sa'a kawai. Kowa ya faɗa mota, an ɗaga gilashi, an miƙe titi zuwa Bakin Ruwa, wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da unguwa ta samu daga duk wannan taron bai wuce kuɗin keke da na ruwan leda ba.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin wani kwamitin ci gaban unguwa a nan Rigasa, wato ni ne mai rubuta abin da aka tattauna, kuma ni ake aike da wasiƙa. A lokacin ne muka yi yunƙurin ware wata gona don 'yan sana'a, muka sha ƙasa. Labarin gonar zan bayar, amma ba zai fahimtu ba sai an san yadda Rigasa ta zama abin da take a yau.

Garin da aka gina kafin a zana shi

Kaduna gari ne da aka fara zanawa a takarda. A 1917 Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, bisa zaɓin Gwamna Lugga, aka yanka unguwanni da tituna tun kafin jama'a su taru. A 1967 kamfanin Max Lock ya fitar da babban tsarin birnin, wanda aka yi nufin ya kai shi har 2017. Masana'antu kuwa kudu suka nufa: masaƙar KTL a Kakuri tun 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai a 1980. Duk wannan lokaci Rigasa gonaki ce da 'yan ƙauyuka a yammacin gari, ba wanda ya sa ta a lissafin inda arzikin Kaduna zai fito.

Jama'a ne suka yanke hukunci da ƙafafunsu. Kuɗin haya ya yi wa talaka yawa a Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko, sai ya tsallaka titin baifas ya nemi inda zai kafa nasa. Rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin gida biyu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi da dama suka taso daga unguwannin kudu suka yo nan, kamar yadda Kiristoci da dama suka bar arewa suka koma Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. Masaƙu suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, tsofaffin ma'aikata suka koma acaɓa da tireda. Daga baya kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka tarwatsa daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa, kowa da ɗan ƙunshin kayansa, ya raɓa wurin dangi.

Dukkan wannan jama'a a kan awon igiya suka zauna. Mai gona ya kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yanka fuloti ƙafa 50 da 100, wani a raba shi biyu, wani ma huɗu. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa. Hanya kuwa abin da ya rage ne bayan an gama yanka, shi ya sa za ka shiga lungu da mota ka rasa inda za ka juya. Filin makaranta, filin kasuwa, hanyar ruwa, babu mai barin su, domin duk ƙafa ɗaya da aka bari kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona. Ba mugunta ba ce. Ba wanda ya taɓa ba shi dalilin da zai bari.

Ta fuskar mulki kuma, Rigasa mazaɓa ɗaya ce cikin 12 na ƙaramar hukumar Igabi, kansila ɗaya gare ta kamar kowace, alhali kowa ya san jama'arta sun fi na wasu ƙananan hukumomi sukutum. Sakatariya tana Turunku. Mutumin Hayin Ɗanmani da ke da buƙata a can sai ya ratsa cikin Kaduna, ya kama hanyar Zariya, sannan ya ratse. Wuni guda ke nan. An daɗe ana kiraye-kirayen a ba Rigasa ƙaramar hukumarta, amma ƙirƙiro sabuwa sai an taɓa kundin tsarin mulkin ƙasa, kuma ba a ƙara ko ɗaya a cikinsa ba tun 1999.

Sai ga jirgi

Ranar 26 ga Yuli, 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin dogo na zamani mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja, ƙarshensa Rigasa. A Maris na 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyara, aka karkato da jirage Kaduna, sai ga ministoci da 'yan majalisa da baƙi daga ƙetare suna bi ta unguwarmu. Titin tasha ya zama tagwaye. Da hanyar mota ta Abuja ta lalace da masu garkuwa da mutane, jirgin ya zama na kowa da kowa mai hali, har tikiti ya koma sai wane da wane kafin a fara sayar da shi ta intanet a 2021.

Farashin fili ya haukace. Wanda ya sayi fuloti don ya gina ɗaki biyu ya wayi gari ana yi masa tayin da bai taɓa mafarki ba. A majalisun dare maganar ɗaya ce: Rigasa ta waye, arziki ya zo.

Gonar

Gonar da nake magana tana 'yar tazara daga titin tasha, shimfiɗaɗɗiya, ba ta kan hanyar ruwa, kuma tana da baki biyu da mota za ta iya shiga. Ta wani dattijo ce da ya ƙi sayarwa duk tsawon rayuwarsa, yana noma masararsa gidaje na kewaye shi. Da Allah ya yi masa rasuwa ta zama gado, magada kuwa da yawa, maza da mata, wasu ma ba a garin suke ba.

Wani mai walda ne ya kawo maganar gaban kwamiti. Shagonsa ɗan ƙarami ne, don haka a bakin titi yake aiki, ƙofofi da tagogi jingine da bangon maƙwabci, janareto na ruri, tartsatsin wuta na sauka inda yaran Islamiyya ke wucewa. Yara bakwai ne a ƙarƙashinsa suna koyo. Ya ce da shugabanmu, "Baba, in aka yanka gonar nan, mu da jikokinmu a bakin kwata za mu ƙare." Shugaban ya jinjina kai, ya dube ni ya ce, "Malam, rubuta."

Abin da muka tsara ba wani gagarumin abu ba ne. Gefe ɗaya rumfunan masu walda da kafintoci da masu gyaran keke da babur, da taransifoma tasu ta kansu. Gefe ɗaya shagunan teloli da wurin da mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dambun nama za su kawo kaya a saya a sari. Gaba kuma ɗan fili na tashar keke, da banɗaki da burtsatse. Muna da Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, a ranmu, wadda ta nuna wa duk Kaduna abin da ke faruwa idan masu sana'ar hannu suka taru wuri guda: mai neman kaya ya san inda zai nufa, mai sayar da ƙarfe ya biyo su, yaro ya shiga ba ya iya komai ya fito da sana'a.

Mun yi abu ɗaya da har yau nake alfahari da shi. Mun bi layi-layi da littafi muna rubuta kowace sana'a, har da na cikin gida, inda matan kwamiti suka shiga suka yi tambaya. Abin da ya fito ya ba mu mamaki. Teloli sun fi kowa yawa, kuma mafi yawansu mata ne masu keke ɗaya a tsakar gida. Bayansu sai masu abinci da kayan ci, sai duk wata sana'a da ta rataya a kan gini: bulo, yashi, walda, kafinta, wayarin, fenti. Kukan kowa kusan ɗaya ne, wuta da wuri da jari. Babu wanda ya ambaci jirgin ƙasa. Mun rubuta wannan da hannunmu, amma ba mu karanta abin da yake faɗa mana ba. Wasiƙar da muka tsara cike take da maganar fasinjoji da baƙi da "ƙofar shiga Kaduna".

Daga nan aka shiga yawon ofisoshi, kuma ba zan ɗora wa kowa laifi ba, domin duk inda muka je an karɓe mu, an ba mu kujera, an gaya mana gaskiyar iyakar ikon wurin. Matsalar a tsarin take. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Rajistar fili da takardar mallaka aikin KADGIS ne, hukumar filaye ta jiha, izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, haraji kuma tun dokar 2016 aka tattara karɓarsa a hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Tashar da harabarta na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne. Wato mai ikon kafa kasuwa ba shi da fili, mai fili ba shi ke kafa kasuwar unguwa ba, mai tasha kuma layin dogo ne damuwarsa. A 2021 an gwada kafa hukuma guda da za ta kula da babban birnin gaba ɗaya, har da sassan Igabi da Cikun, amma mu a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Magada sun yi mana kara. Babban wansu ya ce za su jira damina ɗaya, kuma sun jira. Sai dai gado ba ya son jinkiri. Akwai marayu a ciki, akwai wadda za a aurar, akwai mai bashin asibiti. Dillalai kuwa kullum suna ƙofar gida, kuma ba wasiƙa suke kawowa ba. Da kaka ta yi aka cire amfanin gona na ƙarshe, ba a yi wata guda ba na ga turaku. Babban wan ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, ka ba Baba haƙuri. Mun jira, amma takarda ba ta raba gado." Ban sami abin ce masa ba.

Yau wurin shaguna ne a gaba, masu ƙofar ƙarfe, bayansu gidaje a cunkushe, da lungun da kurar mai ga-ruwa ke wucewa da ƙyar. Ƙofofin shagunan ma mai waldan nan ne ya haɗa da yawansu, a bakin titi.

Inda muka kuskure

Na daɗe ina cewa rashin sa'a ne. Yanzu ina ganin kurakuranmu sun fi na kowa yawa.

Babban cikinsu shi ne mun ɗauka fasinja ne kasuwarmu. Ranar 28 ga Maris, 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da wasu da dama daji. Jirgi bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. Cikin waɗannan watanni takwas na ga abin da littafinmu ya gaya mana tun farko. Masu abinci da masu masauki da 'yan tasin da suka dogara da tasha suka shiga wani hali, wasu suka rufe. Amma tela ba ta daina ɗinkin Sallah ba, mai bulo bai daina bugawa ba, mai niƙa bai kashe inji ba. Arzikin Rigasa jama'arta ne, masu ci da sha da aure da suna da gini kullum. Fasinjan Abuja ɗan wucewa ne, ba ya tsayawa sayen gado ko ƙofa. Da mun kafa hujjarmu a kan yawan kuɗin da mutanen unguwa ke ɗauka su kai Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci da Panteka, bayan sun biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da maganarmu ta fi nauyi, ko a wurin hukuma ko a wurin mai kuɗin da zai zuba jari.

Na biyu, mun je da hannu biyu muna roƙo, ba mu je da ko sisi ba. Mutanen da muka rubuta sunayensu kusan duk suna adashi. Da mun yi rajistar ƙungiyar gama kai, muka buɗe asusu, muka tara abin kafin alƙalami, da ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar mun kama, mu biya saura a hankali. Magada ba su ƙi mu ba, kuɗi suke bukata. Kwamitinmu kuwa ko takardar rajista ba shi da ita, ba zai iya mallakar fili da sunansa ba ko da kyauta aka ba shi. Wannan ban gane ba sai da wani ma'aikaci ya tambaye ni, cikin ladabi, "To Yallaɓai, in an ba ku, sunan wa za a rubuta?"

Sannan ba mu san kalandar gwamnati ba. Jihar Kaduna na da hanyar da al'umma ke rubuta buƙatunsu a mazaɓa don a duba su wajen tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Mu kuwa mun kai wasiƙarmu bayan an rufe kasafin shekarar. Kuma ko a irin wancan zama, abin da unguwanni suka saba nema shi ne kwalbati da taransifoma da burtsatse, abubuwan da ake gani a ɗauki hoto. Ba laifi ba ne, ana bukatarsu. Amma taransifoma ko baɗi ana iya kawo ta. Fili in ya tafi ya tafi, sai dai rusau, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna lokacin aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya san tsadar gyaran gari bayan an gina shi, a kuɗin diyya da kuma a hawayen mutane. Aikin ya ba Kaduna gadar Kawo da tituna masu kyau, ba mai musu. Sai dai yawancinsa gyaran abin da aka riga aka gina ne, alhali a bakin gari ana can ana yanka sababbin lunguna da igiya.

Akwai kuma abin da ba mu so mu faɗa da babbar murya: tsoron rasit. Da muna zagayen rubuta sana'o'i, gidaje da yawa sun rufe mana ƙofa don sun zaci masu haraji ne suka turo mu. Mai sana'ar da ke ɓoye ba ya biyan komai, amma kuma ba ya cikin lissafin kowa, banki bai san shi ba, mai tsara kasafi bai san shi ba. Gidan da yake ciki takardar mai unguwa ce kawai gare shi, ba ta karɓuwa a matsayin jingina. An buɗe ƙofar daidaita takardun irin waɗannan filaye, amma mutum ba zai je ba sai ya ga abin da maƙwabcinsa ya ƙaru da shi da ya je.

Abin da ya rage a hannu

Rigasa ba ta gama girma ba. Gonaki na nan yamma da tasha, kuma tun Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano. Ranar da ya kammala, tashar za ta tashi daga ƙarshen layi ta zama tsakiyarsa, kuma dillalai sun riga kowa sanin haka. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara wa maganar ƙarfi ta wata fuska: kuɗin keke zuwa cikin gari ya yi tsadar da mace za ta gwammace ta sayi zare da yadi a unguwa in akwai. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, in ya tabbata a aikace, zai rage wa kowane ciyaman uzuri. Ko ba a ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma ba, ba abin da ya hana a buɗe ofishi mai cikakken iko a cikin Rigasa, a sa wa layuka suna, a sa wa gidaje lamba, ta yadda mai aiko da kaya daga Legas zai daina jin "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai niƙa".

Dabarar da nake ganin ta fi dacewa da mu ba ta bukatar gwamnati ta sayi ko taku ɗaya. A zauna da masu gonaki tun kafin su yanka, da hakimi da masu unguwanni da ma'aikatan safiyo. A haɗa gonaki uku ko huɗu a zana su tare, a fitar da titi mai faɗi da magudanar ruwa da filin kasuwa da na makaranta, sannan a mayar wa kowa kasonsa. Fulotansa za su ragu, amma kowane ɗaya zai fi tsada, domin yana bakin hanya kuma da takardar gwamnati. Wahalar ita ce yarda. Mai gona ya sha jin labarin wanda aka karɓi filinsa da sunan amfanin jama'a, daga baya ya ga katangar wani a kai. Sai an rubuta komai, an sa hannu gaban shaidu, an kafa allo a filin kasuwar tun ranar farko.

Kwamitinmu ya yi rajista yanzu, yana da asusu, kuma duk ranar Juma'a bayan an sauko ana zuba abin da ya sawwaƙa. Matan da suka yi mana zagaye sun fi maza cika alkawari, littafin na hannuna. Akwai wata gona can gaba da tasha, mai ita yana da rai, ya kuma yarda mu zauna bayan an cire dawa. Ba ta kai ta farko kyau ba, gefenta ɗaya fadama ce, kuma sai an yi aikin hanya. Da na gaya wa mai waldan nan, bai ɗago daga ƙofar da yake haɗawa ba. Ya kashe janareto, ya goge hannu a riga, ya ce, "Malam, wannan karon kada a fara da wasiƙa. Nawa ne a asusun?"